Na tura labarin barkwanci a matsayin gaskiya, ta yaya ake gane irinsa tun kafin a tura?

Ummu_Haidar
Assalamu alaikum 'yan zaure. Abin da ya same ni shekaranjiya ne ya hana ni sukuni. Wata ƙawata ta turo min hoton wani labari, ga kanu, ga tambari, ga mutum tsaye gaban makirufo, wai ministan wutar lantarki na wata ƙasa ya ce jama'a su daina ƙorafin ɗauke wuta tunda duhu yana hutar da ido. Raina ya ɓaci. Nan take na tura zauren danginmu da na abokan aiki, har na ɗora da maganganu masu zafi a ƙasa. Bayan kamar awa biyu ɗan yayata ya kira ni ya ce, "Anti, shafin da ya rubuta wannan na barkwanci ne, a ƙasan shafin ma sun rubuta cewa duk labaransu ƙirƙira ce." To ni ban taɓa ganin shafin ba, hoto kawai ya iso min. Kafin in goge, mutum biyar sun riga sun tura gaba.

Tambayata biyu ce. Ta yaya mutum zai gane labarin barkwanci idan an yi masa shigar labarin gaske? Sannan laifin na wane ne, wanda ya rubuta ko ni da na tura?

Tsohon_Edita
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki kwantar da hankalinki, wannan tarkon ya kama waɗanda aikinsu ke nan. Akwai jaridar barkwanci a Amurka mai suna The Onion, ɗalibai ne suka kafa ta a 1988. A 2012 ta rubuta cewa ta zaɓi shugaban Koriya ta Arewa, Kim Jong-un, a matsayin namijin da ya fi kowa kyau a duniya. Shafin intanet na People's Daily, jaridar jam'iyya mai mulkin China, ya ɗauka da gaske, ya taya murna har da jera hotunansa 55. A shekarar dai, kamfanin dillancin labarai na Fars a Iran ya kwafi wani labarin nasu da ke cewa fararen fata mazauna karkara a Amurka sun fi son Ahmadinejad, shugaban Iran na lokacin, a kan Obama, daga baya ya ba da haƙuri. A 2015 kuma Jack Warner, tsohon mataimakin shugaban FIFA, ya ɗaga takardar wani labarin The Onion a bidiyo yana kafa hujja da shi don kare kansa daga zargin cin hanci.

Ki duba ukun nan da kyau. Kowannensu labarin da zuciyarsa ke son ji ne ya kayar da shi. Ke ma haka ne, dama kina jin haushin rashin wuta, sai ga labari ya zo daidai wurin ciwon. A aikinmu duk labarin da ya sa edita ya ce "ai dama na faɗa", shi ake fara zargi.

Sadauki77
Ni fa ban ga abin kunya ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ko wancan ministan bai faɗa ba, masu mulki sun faɗi abin da ya fi wannan muni.

Binta_Kwamfuta
@Sadauki77 in sun faɗi wanda ya fi muni, a kawo wanda suka faɗa ɗin a yi musu hukunci da shi. Idan ka jingina wa mutum abin da bai faɗa ba, ka ba shi makami ne. Gobe ya yi ɓarna ta gaske aka fallasa, sai ya ce ai ƙarya suka saba yi min.

Mai_Zane
Ni zanen barkwanci nake yi, don haka maganar ta shafe ni. Don Allah a daina haɗa mu da maƙaryata. Maƙaryaci so yake ka yarda, ka tafi a haka har abada. Mu kuwa so muke ka yi turus, ka gane, sannan ka yi tunani a kan abin da ake nuni da shi. Shi ya sa mai barkwancin kirki yake barin alama da gangan: ya kai magana inda hankali ba zai ɗauka ba, ko ya sa suna mai ban dariya, ko ya rubuta a shafinsa ƙarara. A 1729 Jonathan Swift ya rubuta ƙasida yana ba da "shawarar" talakawan Ireland su riƙa sayar da jariransu masu kuɗi su ci. Da murya irin ta masanin tattalin arziki ya rubuta, har da lissafi. Ba yara yake son a ci ba, nunawa yake yi cewa masu ƙasa da masu mulki sun riga sun cinye iyayen. Da wa'azi ya yi da an manta da shi, amma ga shi kusan shekara 300 ana maganarsa.

A labarin Ummu_Haidar, mai laifi na farko shi ne wanda ya ɗauki hoton allo ya yanke sunan shafin da gargaɗin da ke ƙasa. An taɓa yi min haka, aka goge sa hannuna aka canza rubutun da ke bakin mutumin da na zana. Kwana uku ina bayani, wanda aka gurɓata ya fi nawa yawo.

Malam_Nahawu
Bari in ɗan tsoma baki ta fuskar harshe, domin muna cewa "barkwanci" muna haɗa abubuwa da yawa. Gatse shi ne ka faɗi akasin abin da kake nufi, kamar yaro ya fasa kofi uwa ta ce "ka kyauta". Habaici shi ne a yi da mutum ba a kama suna ba. Zambo kuwa a kama mutum a siffanta shi a muzanta. Ba'a da zolaya su ne na raha kawai. Irin labarin ministan nan gatse ne da zambo aka zuba su a mazubin labarin jarida.

Shi gatse da murya da fuska yake rayuwa. Yaron da ya fasa kofi ya san ba yabo ba ne, don ya ga idon uwarsa. A rubuce babu ido, babu murya. Abin da ya rage ya tsaya a madadinsu shi ne sanin waye mai maganar da kuma inda ya yi ta. Hoton allo kuwa waɗannan biyun yake fara yankewa. Saboda haka 'yar uwa ba rashin fahimta ne ya same ki ba, an miƙo miki magana ce babu fuskar mai ita.

Haske_09
Malam ya yi daidai. Masu harkar intanet ma suna da abin da suke kira dokar Poe, tun 2005: in ba a sa alamar wasa ba, ba za ka iya bambance mai kwaikwayon tsattsauran ra'ayi da mai tsattsauran ra'ayin na gaske ba.

Almajirin_Ilimi
Ni ina da ja da Mai_Zane. Hadisi ya zo a Abu Dawud da Tirmizi cewa bone ya tabbata ga wanda yake ba da labari yana ƙarya don ya ba mutane dariya. Ta yaya za a ƙirƙiri magana a sa a bakin mutum mai suna, sannan a ce wasa ne? Ita kuma mai turawa, aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce a yi bincike idan fasiƙi ya zo da labari, don kada a cutar da wasu cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Muslim kuma ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Ba don in ƙara miki damuwa na kawo ba Ummu_Haidar, ni ma na sha faɗawa.

Mai_Zane
@Almajirin_Ilimi Allah ya saka da alheri. Hukunci na malamai ne, ba zan shiga ba. Amma ina tambaya: tatsuniya ƙarya ce? Mai ba da ita da mai saurare duk sun san gizo bai yi magana ba. Inda na yarda da kai shi ne sa magana a bakin mutum mai rai da sunansa da hotonsa, cikin sigar da ba a iya rarrabewa. Wannan ni ma ba na yi. Akwai kuma masu fakewa da mu, su rubuta ƙarya tsagwaronta don a danna su sami kuɗin talla, su ɓoye kalmar "barkwanci" a wani lungun shafi da ba wanda zai leƙa. Gwajina a nan ɗaya ne: wa ake suka, kuma me ake son gyarawa? In babu amsa, ba barkwanci ba ne, ƙanzon kurege ne.

Binta_Kwamfuta
Anti Ummu_Haidar, ga abin da nake yi, kuma ba ya cin minti uku.

Hoton allo ba majiya ba ne. Duk wanda ya iya waya zai haɗa kanu da tambarin kowace kafa. Don haka kalmomin kanun nake ɗauka in rubuta a Google. Minista ya yi irin wannan katoɓara a gaban makirufo, a ce babu kafa ko ɗaya da ta ɗauka sai hoto mai yawo a WhatsApp? Shirun nan kansa amsa ce.

In akwai adireshin shafi, a karanta shi harafi bayan harafi. A 2016 akwai wani shafin bogi, abcnews.com.co, da ya yaudari mutane da yawa, alhali na ainihin abcnews.go.com ne. Sai kwanan wata, domin tsohon labari na gaskiya idan aka dawo da shi a sabon rikici ya zama ƙarya. Hoto kuma a saka shi a Google Lens ko TinEye a ga inda ya fara fitowa.

Wanda ya fi min amfani duka shi ne kada ki tsaya cikin shafin kina tambayar sa ko shi mai gaskiya ne. A 2017 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford, Sam Wineburg da Sarah McGrew, sun gwada malaman tarihi 10 da ɗalibai 25 da ƙwararrun masu tantance labarai 10. Malaman da ɗaliban sai suka zauna cikin shafin suna duba kyan tsarinsa da tambarinsa, da yawa aka ruɗe su. Masu tantancewar kuwa cikin daƙiƙoƙi suke ficewa su buɗe wasu shafukan su ga me ake cewa game da masu shi. Sun fi sauri kuma sun fi dacewa. Da kin samu sunan shafin nan kin rubuta shi a Google, layin farko zai gaya miki na barkwanci ne.

Hajiya_Mama
Binta 'yar albarka, mu da ido ya yi rauni wannan duk ya mana yawa. Ni dai abin da na riƙe, in na ga an rubuta "an tura sau da yawa" da kibiya biyu a saman saƙo, ko aka ce "tura wa mutum goma", ba na taɓawa sai na tambayi jikana.

Binta_Kwamfuta
Hajiya wannan ma babban mataki ne wallahi. WhatsApp da kansu sun san matsalar, shi ya sa a 2019 suka taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da ya sha yawo suka mayar da shi wuri ɗaya.

Sadauki77
Kuna ta cewa a duba manyan kafofi kamar su ba sa ƙarya. Su waye suka cika duniya da labarin makaman ƙare dangi a Iraƙi kafin yaƙin 2003? Ƙananan shafuka ne? An je ba a samu komai ba, ƙasa ta rushe. Ni na daina yarda da kowa.

Tsohon_Edita
Sadauki, maganarka ta Iraƙi gaskiya ce, kuma tabo ne a aikinmu. Ba zan kare shi ba. Amma wanda ya ce bai yarda da kowa ba, a ƙarshe da wanda ya fi kusa da ra'ayinsa yake yarda, domin ba mai iya rayuwa babu labari.

Ni ba na auna kafa da cewa ba ta kuskure. Ina auna ta da abin da take yi in ta yi. New York Times a watan Mayun 2004 ta buga wa masu karatunta bayani cewa rahotanninta kan makaman Iraƙi ba su samu tantancewar da ta kamata ba. Mujallar Der Spiegel ta Jamus a Disambar 2018 ita ta fallasa wakilinta Claas Relotius, mai lambobin yabo, cewa ƙirƙirar labarai yake yi, kuma abokin aikinsa Juan Moreno ne ya bi diddigi. Kafar da ke da adireshi, da sunan edita, da sunan wanda ya rubuta, da wurin gyara kuskure, tana da abin da za ta rasa. Shafin da ba a san mai shi ba in ya yi ƙarya gogewa kawai yake yi ya ci gaba.

Sannan a cikin labarin kansa a duba: wa ya faɗa, a ina, yaushe, shi wakilin yana wurin ko ji ya yi? "Majiya mai tushe" ba tare da wani ƙarin bayani ba, rabin labari ne. Kafofi goma da suka kwafo daga wuri ɗaya kuma majiya ɗaya ce, ba goma ba.

Sadauki77
Baba na ji, kuma na gode. Amma ban haƙurin 2004 bai dawo da waɗanda suka mutu a 2003 ba. A nan nake tsaye.

Almajirin_Ilimi
Abin da Baba Edita ya faɗa shi ne malaman hadisi suka gina ilimi sukutum a kansa. Ba sa tambayar ko magana ta yi daɗi, tambayarsu wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, sun ma haɗu kuwa, yaya haddarsa, an taɓa kama shi da ƙarya? Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi, wato jerin masu ruwaya, yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Kuma ba su ce tunda wani mai ruwaya ya yi kuskure a zubar da kowa ba, daraja-daraja suka yi musu.

Kwamared_Sabo
Ni dai shuɗiyar alamar nan ta tantance mai shafi nake dubawa. In akwai ta a gefen suna, na yarda.

Haske_09
@Kwamared_Sabo wannan ya wuce yayi. A Nuwambar 2022 da Twitter ta fara sayar da alamar a dala 8, wani ya buɗe shafi da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, da alamarsa shuɗiya, ya rubuta cewa insulin, maganin ciwon sukari, ya zama kyauta. Sai da kamfanin ya fito ya ƙaryata. Kai ko shafin gaske ma ana sacewa. A Afrilun 2013 an kutsa shafin Twitter na kamfanin dillancin labarai na AP aka rubuta cewa an samu fashewa a Fadar White House kuma Obama ya ji rauni, kasuwar hannun jari ta faɗi cikin mintuna kafin ta farfaɗo. Labari mai girma irin wannan a jira kafa ta biyu da ta uku.

Zahra_M
Ni abin da ke ba ni tsoro hotunan ƙirƙirarriyar basira. Da muna cewa gani ya kori ji, yanzu fa? Hoton Fafaroma Francis cikin farar rigar sanyi mai kumburi da ya yi yawo a Maris 2023, wallahi na yarda da shi, ashe da manhajar Midjourney aka haɗa. Bayan wata biyu kuma ga na hayaƙi kusa da Pentagon, hedkwatar ma'aikatar tsaron Amurka.

Binta_Kwamfuta
@Zahra_M kuma dabarar ƙirga yatsu da duba rubutun da ya karkace tana raguwa, domin manhajojin suna gyaruwa kullum. Tambayar Almajirin_Ilimi ce za ta daɗe tana aiki: wa ya ɗauki hoton? Fashewa a wuri mai dubban ma'aikata, a ce hoto ɗaya tak daga kusurwa ɗaya, babu bidiyo, babu wanda ya ji ƙara? In abu ya shige miki duhu, akwai masu wannan aikin kamar Africa Check da Dubawa da sashen tantancewa na kamfanin dillancin labarai na AFP, sau da yawa sun riga sun bincika.

Nas_Rabi
Ina karanta ku tun ɗazu. Don Allah kada a ɗauki abin nan da sauƙi. A Agustan 2014 lokacin Ebola, saƙo ya zagaya Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Ni da kaina wayata ta yi ta ƙara kafin asuba, 'yan uwa suna kira cikin kuka suna cewa in tashi in haɗa. Babu mai mugun nufi a cikinsu, ƙauna ce ta sa su. An kwantar da mutane a asibiti, an kuma ruwaito mutuwar aƙalla mutum 2. Mai hawan jini ka ɗura masa gishiri, me kake jira? Duk saƙon lafiya da ya ce "yi yanzu-yanzu" ba tare da sunan hukumar lafiya da za ka iya zuwa shafinta ka gani ba, a ajiye shi.

Tsohon_Edita
Nas ta taɓo wurin. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun buga nazari a mujallar Science a 2018, sun bi labarai kusan 126,000 a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Labarin ƙarya ya fi na gaskiya yiwuwar a sake tura shi da kashi 70 cikin 100, kuma na gaskiya yana ɗaukar kusan ninki shida na lokaci kafin ya kai ga mutum 1,500. Abin da ya fi tsaya min, sun gano ba na'urori ne suka jawo bambancin ba, mutane ne. Ƙarya tana zuwa da sabon abu mai tayar da hankali, hannu kuma ya riga tunani.

Kwamared_Sabo
To amma ku ma 'yan jarida kuna wasan ƙirƙirar labari na ranar 1 ga Afrilu. Wannan fa?

Tsohon_Edita
Ana yi. BBC ma a 1957 ta nuna manoma a Suwizalan suna "girbe" taliya daga bishiya, mutane suka yi ta kira suna tambayar yadda ake shukawa. Ni ban taɓa son al'adar ba, kuma yanzu da labari ke yawo shekaru bayan ranarsa, na fi ƙin ta.

Ummu_Haidar
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na koma zaurukan biyu na rubuta cewa labarin ƙirƙira ne, na sa adireshin shafin, na kuma bi mutum biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Huɗu sun goge. Na biyar kawuna ne, ya ce shi ba zai goge ba, biri ya yi kama da mutum, ko bai faɗa ba zai iya faɗa. Maganar Sadauki77 sak. Babba ne, ba zan yi musu da shi a gaban dangi ba. Kuma har yanzu ban rabe ba a kan laifin, Mai_Zane ya ɗora wa mai yanke hoto, Almajirin_Ilimi ya raba mana da marubucin.

Sadauki77
Kawunki bai yi ƙarya ba ai. Amma na yarda a goge hoton mutumin, tunda ba shi ya faɗa ba.

Hajiya_Mama
Kada ki yi masa a zaure, 'yata. Ki kira shi ke da shi bayan ya huta, ki ce ke ce kika jawo kuma abin yana damun ki, ki roƙe shi ya taimake ki ya cire. In ya ƙi, ki nemi wanda yake jin maganarsa cikin sa'o'insa. Wa yake saurare a gidan?